Zafi ya lafa, ba shi ne ciwo ya warke ba

Ƴan uwa masu son wasa, musamman ku da kuke riƙe da ƙungiyoyin unguwa a nan Tawa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawa daga cikin yaran da suke barin ƙwallo ko kokowa tun da ƙuruciyarsu, ba ciwon farko ne yake raba su da fili ba. Na biyu ne, wanda suke samu a daidai wurin da na farko bai gama warkewa ba. Kuma mu manya ne muke mayar da su filin.

Ku dubi targaɗe, wanda duk muka raina. Yaro ya yi tsalle ya sauka a kan tsakuwa ko a kan ƙafar wani, tafin ƙafar ya juya ciki, jijiyoyin da suke riƙe da idon sawu ta waje suka yage. Kafin a gama wasa wurin ya kumbura. Nan take wani zai kama ƙafar ya ja, wani ya murza da man zafi, da dare kuma inna ta dafa ruwa ta gasa masa. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma a kwana biyu zuwa uku na farko jini ne yake tsiyaya a ciki, zafi da murza kuwa ƙara masa gudu suke yi. Abin da ya dace shi ne a fitar da shi daga wasa, a naɗe wurin da bandeji ba tare da an matse sosai ba, ya kwanta a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa. In zafi ya dame shi a sayo ƙanƙara a naɗe ta da tsumma a ɗora kamar minti 10 zuwa 15. Ƙanƙara rage zafi take yi, ba ita take haɗa jijiya ba. Akwai kuma gwajin da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar, wanda kowa zai iya riƙewa: in yaro ya kasa taku huɗu a kan ƙafar, ko kuma in an danna ƙashin idon sawun kansa ta baya ya yi ƙara, a kai shi asibiti a yi hoto, don wataƙila karaya ce.

Ban raina maɗora ba. Iyaye da kakanni sun dogara da su, kuma akwai masu hannu a cikinsu. Roƙona kawai a yi hoto kafin ɗori, a san abin da ake ɗorawa. In kuma aka ɗaure gaɓa sai yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka mutu, a kwance nan take a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

To amma inda muke faɗuwa shi ne bayan kumburi ya sauka. Kwana goma, yaro yana takawa, ya zo bakin fili ya ce: "Maigida, na warke, ka sa ni." Maigida kuma yana da wasan kusa da na ƙarshe ran Lahadi. Ai kun san tubalin da ya bushe ta waje alhali cikinsa ɗanye ne, in ka ɗora masa gini za ka ga abin da zai biyo baya. Jijiya ba igiya ce kawai mai riƙe ƙashi ba, ita take sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take da yadda ta karkata. In ta yage wannan saƙon yana yin rauni, sai ƙafar ta riƙa gurɗewa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, targaɗe kowace shekara, har a ce masa sammu ne.

Maganin abin ba kuɗi yake ci ba, haƙuri yake ci. Ya fara da juya ƙafar a hankali yana zaune. Ya samu robar tsohon tiyub na babur ya maƙala a ƙafar gado, ya riƙa jan ta da ƙafar ciki da waje. Ya riƙa ɗagawa a kan yatsu yana saukowa. Sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, in ya iya sai ya rufe ido, in ya iya sai ya koma kan matashi ko cikin rairayi, wanda Allah ya hore mana shi kyauta. Daga nan sassarfa a miƙe, sai gudu mai lanƙwasa, sai ƙwallo shi kaɗai, sai atisaye da ƴan uwansa, wasa ne na ƙarshe. Duk matakin da ya taka ya wayi gari da kumburi, ya koma na baya. Wannan shi ne aikin kine, masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, kuma in akwai hali a je wurinsu ko sau kaɗan ne su tsara wa yaro abin da zai riƙa yi a gida.

Naman bayan cinya ma haka yake, wanda yake tsinkewa mutum yana tsakiyar gudu ka ga ya dafe cinya ya tsaya cak. Yana cikin ciwukan da suka fi komowa. Akwai atisayen da ake kira Nodik: ka durƙusa, abokinka ya danne maka dugadugai, ka riƙa faɗowa gaba a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya. Wani nazari na 2019 da ya haɗa ƴan wasa sama da 8,000 ya nuna yana rage wannan ciwon da kusan rabi. Hukumar FIFA ma tana da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, kyauta yake a intanet. Mu kuwa zagaye fili sau biyu muke yi, a busa usur.

Gwiwa ce ta fi ba ni tsoro. Ɗan wasa ya kafa ƙafa ya juya, ya ji ƙas a ciki, cikin ƴan awoyi gwiwa ta cika, bayan an kwana biyu yana tafiya sai ta riƙa zamewa. Sau da yawa jijiyar da take gicciye a tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, hannu kuma ba ya kaiwa gare ta balle a ɗora. Sai likitan ƙashi, ko da abin zai kai mutum Yamai. Ko an yi aiki, aikin rabin tafiya ne. A 2016 masu bincike na Norwe da Amurka sun bi ƴan wasan da aka yi wa wannan aikin, suka ga duk wata guda da aka ƙara kafin komawa, har zuwa wata 9, yana rage haɗarin sake jin ciwo da kusan rabi. Suna kuma son ƙarfin cinyar mai ciwo ya kai kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar.

Ku tuna Ronaldo na Brazil. Ya ji ciwon gwiwa a Nuwamba 1999, ya dawo a Afrilu 2000 a wasan Inter da Lazio, bai yi minti 10 ba jijiyar ƙoƙon gwiwar ta tsinke gaba ɗaya. Sai da ya shafe fiye da shekara yana jinya, kafin ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002. Van Dijk kuma, da jijiyarsa ta tsinke a Oktoba 2020, shi ne kyaftin ɗin Holan, amma da bakinsa ya ce ba zai je gasar Turai ba, ya jira har Agusta 2021 kafin ya koma wasan gasa. Waɗannan mutane ne masu likitoci da na'urori kowane iri. Yaronmu da ba shi da ko ɗaya, don me za a ce ya dawo cikin wata biyu?

Ga kuma tramol. Mu daina ɓoyewa, ana sha kafin wasa, wani lokaci ma da sanin manya. Ƙwayar ba ta warkar da komai, toshe wa mutum jin zafi take yi ya ci gaba da yaga abin da ya rage, ga jaraba, ga farfaɗiya ga wanda ya zarce. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa.

Ciwon kai kuwa ba a ganinsa, shi ya sa ake wasa da shi. Biyu sun yi karo a sama, ko ɗan kokowa ya faɗi da ƙeya, ya tashi yana tangaɗi, a watsa masa ruwa a ce "kai namiji ne". Ba sai mutum ya suma ba ƙwaƙwalwa take girgiza. Jiri, ruɗewa, mantuwa, gani dishi-dishi, ko ɗaya ya isa a fitar da shi, kuma ba ya komawa a ranar. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya dawo mataki-mataki, kowane mataki aƙalla kwana guda. In ya fara amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa, asibiti kai tsaye.

A garin nan aka fara gasar kokowa ta ƙasa, ta neman takobi, a 1975, mun san kokowa, mun san nauyin da yake kan ɗan kokowa. Makaɗa suna kiran sunansa, jiha guda ta zuba masa ido, ta yaya zai buɗe baki ya ce kafaɗata ba ta zauna ba? Ba zai faɗa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kafaɗar da ta taɓa gocewa a jikin matashi tana da saurin sake gocewa in ba a ƙarfafa naman da yake kewaye da ita ba. Saboda haka hukuncin komawa fili bai kamata ya zama a hannun ɗan wasa ba, bai kuma kamata ya zama a hannun mai neman kofi ba.

Ku masu shirya gasar babban hutu, daga cikin kuɗin kofi da riguna ku ware na bandeji da ƙanƙara da ladan ma'aikacin lafiya ɗaya da zai zauna bakin fili, a kuma ba shi ikon cewa wane ba zai shiga ba. Ku masu horarwa, ku sayi littafi ku riƙa rubuta ranar da yaro ya ji ciwo da inda ya ji. Ranar da ya zo ya ce ya warke, ku sa shi ya yi tsalle da ƙafar mai lafiya ku ja layi a ƙasa, ya yi da ɗayar ku ja layi. In na biyun bai kusa cimma na farko ba, ko ya sauka yana layi, ya koma atisaye, ko da mahaifinsa ne ya zo roƙo.