Bangkok ba Kantin Kwari ba ce

A cikin watan nan samari uku sun same ni da magana iri ɗaya: suna son zuwa Bangkok, babban birnin Tailan, su kaɗai, ba ayarin alhazan kasuwa, ba ejan da zai riƙe musu hannu. Ɗaya sari zai je, biyun kuwa buɗe ido. Ban hana kowa ba. Sai dai wanda ya tafi shi kaɗai ba shi da mai jan rigarsa ya ce masa “kai, bari”, don haka bari in ja muku tun daga gida.

Ƙanena, tun wajen neman biza za ka san irin idon da ake kallon koren fasfo da shi, domin sai ka kawo takardar wankewa daga hukumar NDLEA. 'Yan uwanmu ne suka ja mana. Akwai 'yan Najeriya da dama a gidajen yarin Tailan saboda ƙwaya, dokar ƙasar kuwa ta kai har hukuncin kisa a kan fataucinta. Jakarka taka ce kai kaɗai. Duk wanda ya ce “don Allah ga ɗan saƙo ka miƙa wa yarona”, ko da sahu ɗaya kuke salla, ka ce ya kwance shi a gabanka. In ya yi fushi, ya yi ta yi. Fushinsa ya fi sauƙi a kan kurkuku a ƙasar da ba mai kawo maka tuwo. Wanda kuma aka yi wa tayin aiki ta WhatsApp, wai albashi da dala kuma mota na jira a filin jirgi, ya sani an kwashi mutane da yawa haka, har da 'yan Afirka, aka bi da su ta garin Mae Sot da ke bakin iyaka zuwa Myawaddy a ƙasar Myanmar, aka kulle su suna damfarar jama'a ta intanet.

In ka sauka a Suvarnabhumi, babban filin jirgin saman Bangkok, ka fara zuwa teburin lafiya ka nuna katin rigakafin shawara kafin ka shiga layin shige da fice, in ba haka ba a maido ka baya. Daga nan akwai jirgin ƙasa da zai sauke ka a Ratchaprarop, dab da kasuwar Pratunam inda mutanenmu ke sari. Tasi kuwa mita ke gare ta, daga bat 35 take farawa (bat shi ne kuɗin ƙasar). Direban da ya ƙi kunnawa, sauka ka nemi wata.

Ni da nake wa'azin nan, an ci kasuwata a rana ta biyu. Na nufi babbar fadar sarakuna, wadda aka fara ginawa a 1782, ina hango katangarta fara fes, sai wani dattijo mai tsaf ya tare ni da murmushi. Ya tambayi ƙasata, ya ambaci sunayen 'yan ƙwallonmu biyu, sannan ya ce ai yau fada a rufe take sai yamma, ana addu'a. Ya zana mini wurare a takarda, ya ɗaga hannu, sai ga tuk-tuk, ɗan uwan a-daidaita-sahunmu, a kan kuɗin da bai kai na ruwan sha ba. Arhar ma ya kamata ta farkar da ni. Aka kai ni shagon ɗinkin kwat, daga nan shagon duwatsun ado, direba yana roƙona in shiga ko minti biyar ne don a ba shi la'adarsa. Na dawo da la'asar sakaliya, an daina sayar da tikiti. Fadar a buɗe take tun safe. Abin da ya fi ba ni haushi, ni ɗin da ba a iya yi mini wannan a Sabon Gari, murmushi ɗaya ya kwance mini wayo.

Washegari na koma ta ruwa, a jirgin kogin Chao Phraya mai tuta ruwan lemo, ba cunkoso ba ciniki. Ku je da dogon wando da riga mai hannu, ba a shiga da gajere. Kusa da nan wurin bautarsu na Wat Pho yake, mai gunkin Buddha a kishingiɗe, tsawonsa mita 46. Kai Musulmi ne, ba bauta ta kai ka ba, amma ba a ce ka yi dariya ko nuni da ƙafa ba. A wurinsu ƙafa abin raini ce, kai kuma abin girmamawa, don haka ko yaro ne kada ka shafa masa kai yadda muke yi.

Sai bakinka. Mun saba zama a majalisa mu wanke shugaba tas mu tashi lafiya. Can sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma rubutun Facebook ma yana ciki. Hoton sarki na jikin kuɗinsu, in takarda ta faɗi iska na janta, kada ka take ta da ƙafa. Sigarin lantarki ma haramun ne. Kwana ɗaya in ka ƙara a kan biza, tarar bat 500 ce.

Abinci ne zai gwada ka da gaske. Ƙamshin titi zai yi ta kiranka, naman alade kuwa yana cikin abubuwa da yawa, har romo da man suya. A yarensu “mu” shi ne alade, “kai” kaza, amma cewa a cire naman ba ya wanke tukunyar. Nemi koren tambarin halal, ko mai sayarwa da hijabi. In cikinka ya gaji, tafi Sukhumvit layi na 3, unguwar Larabawa, ko ka je Juma'a masallacin Harun da ke Bang Rak. Ana idar da salla na bi lungun na sami shinkafa da kaza ta Musulmin garin, rawaya da kurkum, da ɗan miya mai tsami a gefe. Faranti biyu na ci.