Mai sulhu ma sai da mai a babur

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in sauke ta nan kafin in manta.

Ina da wani kawu a wani ƙauye can wajen Madarunfa, tsoho ne, ba sarki ba ne ba liman ba, amma in rigima ta tashi tsakanin manomi da mai shanu shi ake aika ma. Kakar bara shanu sunka faɗa gonar wake da dare sunka cinye rabi, kafin gari ya waye samari sun fito da sanduna da adduna. Kawu ya hau babur ɗin aro, rugga sau ukku, gidan mai gona sau huɗu, har anka tsaida diyyar ɓarna. Bafillacen bai da cikon jika goma sha biyar a hannu a ranar, mai gona kuma ya rantse ba ya jiran kasuwa ta ci, sai kawu ya ce na ɗauka, ku watse. Da ya zo Maradi neman wanda zai taya shi, gida huɗu ya shiga, ko'ina an ba shi ruwan sanyi da "Allah shi saka". Tunkiyarshi ya saida.

Wallahi kunya ta kama ni don ni ma ban ba shi komi ba a lokacin. Kuma mu ɗin nan ne in an ce za a sa ma masallaci tayil ko a canza lasifika, kafin la'asar kuɗin sun haɗu har da saura.

Alhali addini bai bar wanga abu hakanan ba. A Suratul Hujurat Allah Ya ce muminai ƴan uwan juna ne, ku yi sulhu tsakanin ƴan uwanku. A hadisin Abu Darda'i, Annabi (SAW) ya gaya ma sahabbai cewa gyara tsakanin mutane ya fi darajar azumi da salla da sadaka, malamai sunka ce na nafila ake nufi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Ƙabisa ɗan Mukhariƙ, ya ɗauki ma kanshi nauyin biyan wata dukiya, irin wadda ake ɗauka don kashe husuma tsakanin mutane, ya zo wajen Annabi, Annabi bai ce mashi je ka ladarka na wajen Allah ba, cewa ya yi ya zamna har dukiyar sadaka ta zo a ba shi. Daga nan malaman fiƙihu da yawa sunka ce mai cin bashi don sulhu yana cikin "garimina", wato waɗanda bashi ya hau kansu, masu rabo a zakka, ko da mawadaci ne. Kenan tun can an san sulhu na cin kuɗi. Yaushe rabon da ka ji wani alhaji ya fidda zakka ya ce ga kason masu sasanci?

Duniyar ma haka take, sai dai tata ta fi girma. A 2024 ƙasashe sun kashe wajen dala tiriliyan 2.7 a harkar soja, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Majalisar Ɗinkin Duniya na da asusu na gina zaman lafiya tun 2006, Nijar ma ta ci moriyarshi, amma shekara da shekaru da ƙoƙon bara yake yawo, wanda ya ga dama ya jefa. Sai a ƙarshen 2023 anka yarda a riƙa sa mashi dala miliyan 50 na tilas kowace shekara daga 2025. Ga Sudan na ƙonewa tun Afrilun 2023, ga Kwango, ga mu nan Sahel. Kuɗin ma in sun iso, ba zan ɓoye ba, wani kason a taron otel da kuɗin zama yake ƙarewa, kawu bai taɓa ganin lita ɗaya ba.

Mu kuwa mutanen Maradi ba a ba mu labarin rashin sulhu. Manyanmu na tuna ƙauyen Toda a 1991, rikicin noma da kiwo ya ci rai sama da ɗari, galibi mata da yara. Tun 2019 ƴan uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina ke ƙetaro iyaka da tabarma a ka, suna Garin Kaka, suna Cadakori, kuma can ma da yawa za su ce maka daga burtali da mashaya abin ya faro kafin bindiga ta shigo. Kowace 24 ga Afrilu muna hutun haɗin kan ƙasa saboda yarjejeniyar sulhu ta 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Abzinawa, wannan zaman ma ba da baki kaɗai anka yi shi ba.

To kaka ta ƙarato, dabbobi za su fara gangarowa daga arewa. Kowa ya san mai irin aikin kawu a garinsu, ko mai gari ne ko ardo ko wata tsohuwa da ake jin maganarta. Ni na kira nawa jiya bayan isha'i na ce in an aiko ya faɗa mini, man babur na kaina. Dariya ya yi ya ce to a haɗa da faci, tayar baya ta mutu.