Yaranmu masu baiwar waƙa da kwaikwayo suna bukatar horo mai tsanani

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da yaranmu na karkara, musamman nan yankinmu na Ringim da Taura. Allah ya hore mana samari masu murya, masu iya juya jiki, masu iya kwaikwayo har sai ka riƙe ciki don dariya. Amma da zarar yaro ya ji an tafa masa sau biyu, sai ya tara kuɗin aikin gona ya hau mota zuwa Kano, ya shiga sutudiyo, na'ura ta gyara masa murya, ya dawo yana kiran kansa mawaƙi. Ka ce ya tsaya gaban mutane ya rera baiti uku babu kiɗan fiyano, numfashi ya ƙare masa a na biyu.

A birnin New York na Amurka akwai unguwar gidajen wasa da ake kira Broadway, a Landan ma akwai irinta, West End. Wasan da ya fi tashe a can shi ne wanda ake ba da labari da magana da waƙa da rawa gaba ɗaya, a kan dandamali, gaban 'yan kallo, babu yankewa balle a sake ɗauka. Ɗan wasa ɗaya ne zai yi duka ukun da bakinsa da jikinsa, kuma sau 8 a mako. Makarantun da ke koyar da sana'ar a Ingila yawanci shekara 3 suke riƙe ɗalibi, kullum motsa jiki da darasin rawa da gyaran murya da koyon hawa labari. Ranar gwajin neman aiki kuwa, sau da yawa ɗan guntun waƙar da bai wuce minti ɗaya ba za a saurara a yanke masa hukunci. Akwai ma waɗanda aikinsu shi ne haddace rawar mutum da yawa, don duk wanda ya kwanta ciwo su maye gurbinsa a daren.

Wani zai ce wannan harkar Turawa ce, ina ruwanmu. To ku dubi tashe. Daga goma ga azumi, yaro zai rataya saiwoyi da layu ya zama Jatau mai magani, yana waƙa, yana taka rawa, yana wasa da fuska, abokansa suna amshi. Labari da waƙa da rawa ke nan a wuri guda, a ƙofar gida. Haka 'yan kama, haka 'yan koroso da akayau a ƙafa. Kuma iyayenmu ba su taɓa ɗaukar wannan fanni da wasa ba. Makaɗin fada ba ya tashi rana ɗaya ya zama uban kiɗi. Shekaru yake yi yana ɗan amshi, yana ɗaukar kayan kiɗa, yana sauraron inda maigida ke jan numfashi da inda yake sauke baiti, ana tsawata masa in ya karɓa a makare. Wannan tarbiyyar ce muka saki.

Abin da ya ƙara sangarta mu shi ne mamin. Tun da harkar fim ta kankama a Kano daga 1990, aka saba mawaƙi daban, mai motsa baki a gaban kyamara daban. Ba na raina wannan sana'a, ta ciyar da gidaje da yawa. Sai dai ta sa yara sun ɗauka cewa fuska da kwalliya sun wadatar.

Waƙar Hausa kuwa ba ta yafe wa malalaci. Harshenmu yana da karin sauti da wasali dogo da gajere, in kiɗa ya ja ka ka murɗe kalma, ma'ana ta tafi, tsohuwar da ke zaune bakin zaure ma za ta gane ka yi kuskure. Na ga wani tsohon malamin firamare yana gyara wa yara wasan ranar rabon sakamako. Ya tsayar da yaro a wancan ƙarshen fili, ya ce ya ɗora tafin hannu a cikinsa, ya ja iska har hannun ya ɗaga, sannan ya furta layinsa ba tare da ihu ba. Suka yi ta maimaitawa har muryar ta iso gindin darbejiyar da muke zaune, tas. Ilimi ne wannan, kuma ana koyar da shi a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Bayero. Amma ɗan manomin da bai da takardar shiga jami'a fa?

Shawarata ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa ita ce a yi amfani da rani. Bayan kaka, an kai amfani gida, samari suna zaune ko sun kama hanyar ci-rani. A tara waɗanda aka ga alamar baiwa a jikinsu na makonni shida, daga hantsi zuwa la'asar, a haɗa musu malami mai karatun fannin da tsohon makaɗi na gari. A koya musu numfashi, da haddar layi, da tsayuwa a kan kari, da zuwa bita a kan lokaci. Wanda ya yi fashi babu uzuri a sallame shi.

Na san fargabar iyaye da malamanmu, kuma ban ɗauke ta da sauƙi ba. A 2016 an soke shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan jama'a da malamai sun nuna ƙin amincewa. Shi ya sa nake cewa a fara daga zauren liman da na dagaci kafin a buga ko da ganga ɗaya. Maza daban, mata daban da malamarsu, da yardar iyaye, lokacin salla a tsaya. Labaran su zama namu: rikicin gona da makiyaya, ambaliyar kogin Haɗeja, yaron da ya bar karatu. In an kammala, a nuna wasan da rana a filin makaranta, iyayen su zo su zauna a sahun gaba su gani da idonsu.