Kulle yaro a ɗaki ba ya raba shi da ƙwaya

Jama'a ku yi haƙuri yau zan ɗan ja zance, abin ya daɗe yana ci na a rai.

Duk sanda aka tada maganar shaye-shayen matasa sai ka ga kowa ya zaro zagi, lalatacce ne, ya zubar da mutuncin gida. Ni ma haka nake cewa, har sai da abin ya faɗo gidanmu ta kan ƙanena. Yaro mai shiru-shiru wallahi, ashe abokai sun fara ba shi tiramol wai ya daina jin gajiya, daga baya ya haɗa da kodin. Ranar da Umma ta ɗaga katifarsa ta ga kwalabe, zama ta yi a ƙasa ta kasa cewa uffan.

Muka lakaɗa masa duka muka kulle shi a ɗaki. Kafin kwana biyu ya fara hamma ba tsayawa, hanci na zuba, gumi, gudawa, yana birgima yana cewa ƙasusuwansa za su karye, mu kuma muna bakin ƙofa muna cewa ƙarya yake don a buɗe masa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Sati uku muka sake shi muna murna wai ya warke. Bai yi kwana huɗu ba muka tsince shi kwance, numfashi sama-sama, yana wani irin minshari, baƙin idonsa ya tsuke kamar bakin allura. Allurar naloxone, mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyin a jiki, aka yi masa a asibiti, Allah ya sa da sauran kwana.

A nan likita ta zaunar da ni ta faɗa min abin da ban taɓa ji ba. Tiramol da kodin dangin ofiyom ne, gidansu ɗaya da hiroyin, jiki yana sabawa da su shi ya sa mai shan ɗaya yake komawa biyar. Tiramol ko likita ba ya wuce miligiram 400 a rana, sama da haka farfaɗiya na iya kama mutum. Kuma in mutum ya yi makonni bai sha ba sabon nan yana sauka, to in ya koma ya zuba adadin da ya saba a da, shi ne numfashi ke tsayawa. Wato kullewar da muka yi ce ta kusa kashe shi. Ta ƙara da cewa sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, ƙanena kuwa 17 gare shi lokacin da ya fara.

Tun 1987 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 26 ga Yuni don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, duk shekara a yi taro a ce matasa ku guji ƙwaya, da kyau, amma wa ke gaya wa iyaye abin da za su yi in yaron ya riga ya faɗa? Ba wai kar a tsawata ba ne, kuma masu sayarwa ni dai ban da tausayinsu ko kaɗan. Amma wanda ya kamu mara lafiya ne, likita yake buƙata, ba sarƙa ba.

Yanzu wata takwas kenan yana ganin likita. Ya zame sau ɗaya, da bakinsa ya faɗa wa Umma, washegari ta ɗauki mayafinta ta raka shi asibiti.