Gidan haya amana ne: nasiha ga samarinmu na Makka da Jidda

Ƙannena masu zaman haya, Allah ya yi muku albarka, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai rigimar da nake ganin tana cin kuɗinku da mutuncinku a banza, wato rigimar gyara. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ko tukunyar ɗumama ruwa ta fara yoyo, sai a shiga nuna wa juna yatsa. Wani yaron tsoro zai sa ya biya abin da ba nasa ba ne. Wani kuma shi ya yi ɓarnar da hannunsa, amma sai ya tattara komatsansa cikin dare ya sulale. Duka biyun ba su burge ni ba.

Da can a unguwar Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda, magana ce ta fatar baki tsakaninka da mai gida, in an saɓa dattawa su sasanta. Zamanin nan ya wuce. Rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya ci unguwanni irin su Gulel da Sabil da Karantina, ya watsa jama'armu cikin benaye inda mai gida bai san babanka ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya sani shi ne takarda. Tun 2018 hukuma ta kafa tsarin Ijar, inda ake rajistar yarjejeniyar haya ta intanet, kuma yarjejeniyar da ba a yi wa rajista ba, ba ta da ƙarfin da za ta tsaya maka a gaban hukuma. Daga Janairun 2024 ma kuɗin hayar gidajen zama ta cikin tsarin ake biya. To, in kana miƙa wa mai gadin bene kuɗi hannu da hannu ba ko rasit, ka san kai ka kwance wa kanka zani.

Yanzu ga abin da da yawanku ba ku sani ba. Dokar mu'amalar jama'a da Saudiyya ta fara aiki da ita a Disambar 2023 ta ɗora wa mai gida manyan gyare-gyaren da sai da su gida ke zaunuwa. Rufi na zuba, bututun cikin bango ya fashe, wayar wuta ta tsufa tana tartsatsi, wannan duk nasa ne. In ka sanar da shi ya yi biris, kana da damar neman izinin kotu ka gyara ka karɓi abin da ka kashe. In abin na gaggawa ne ko ɗan ƙarami, dokar ta yarda ka gyara ka cire daga kuɗin haya gwargwadon abin da aka saba, ka kawo masa lissafi. Amma fa ku lura, ana iya yin sharaɗi saɓanin haka a cikin yarjejeniya. Shi ya sa nake jin haushin mai danna "na amince" a waya bai karanta ko layi ɗaya ba. In Larabcinka na kasuwa ne, nemi wanda ya yi makaranta ya karanta maka, ba abin kunya ba ne.

Mu dawo kan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don ita ce uwar rigima. Garin da zafinsa ke haura digiri 45 a bazara, ba wanda zai kwana biyu babu ita. Tambaya ta farko: ta wa ce? Gidaje da yawa a ƙasar nan ana ba da su ne babu ita, sai ramin da za ka sa taka. In taka ce, gyaranta naka ne, har da ruwan da take ɗigawa ya ɓata bangon mutane. In kuwa da ita ka karɓi gida, kuma injinta ya mutu don tsufa, kada ka bari a ɗora maka. Sai dai wankin matatar ƙura, wannan aikinka ne. Ka bar ta wata da watanni ƙura ta toshe ta, tana aiki dare da rana tana nishi, ga taga a buɗe, sannan ta ƙone ka ce tsufa ne? Ka ji tsoron Allah. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke wannan hukunci: abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan abin da ya lalace da kansa, amma yana biyan abin da ya lalace ta ganganci ko sakaci.

Ƙwan fitila, robar famfo, makwararar ruwan da kuka toshe da mai da ragowar shinkafa, waɗannan ba sai an kira kowa ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ara wa abokai sunansa. Kai ke da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama da wa'adinta bai ƙare ba, sai aka rubuta gida da sunanka, samari shida suka tare. Ranar da aka fasa ƙofa ko aka tara kuɗin wuta, ba wanda za a nema sai kai. Yarjejeniyar Ijar takarda ce da mai gida zai iya kaiwa kotun zartarwa kai tsaye a kan kuɗin haya, ba sai an yi doguwar shari'a ba. Kuma shigar da wani cikin haya a bayan idon mai gida, ba da izininsa ba, saɓa yarjejeniya ne. Zumunci daban, sa hannu daban.

Ku kuma masu gudu da ɓarna, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Gobe wani bawan Allah mai iyali zai je neman gida, da an ji daga inda ya fito sai a ce an riga an bayar. Kai ka ja masa.

Ranar karɓar makulli kada ka yi gaggawa. Kunna kowace na'ura, buɗe kowane famfo, ja ruwan banɗaki, ɗauki hoton mitar wuta da duk wani tsagu a bango ko tayil. Tsarin Ijar na da takardar karɓa da miƙa gida, ku cike ta tare, a rubuta kayan da ka tarar da halin da suke ciki. In abu ya lalace daga baya, aika saƙon WhatsApp da hoto a ranar, ko da kun yi magana a bakin masallaci, kuma kada ka goge saƙon. Rasit ɗin mai gyara ka adana shi. Ranar fita a zagaya ɗakunan da kai, a gwada da hotunan farko, sannan a yi maganar kuɗin ajiyar da ka bayar.