Ina ƙofar fita? Ra'ayina kan maɓallan salula

Makonni biyu da suka wuce, ƙanena da ke biɗa a Abijan ya aiko wa mahaifiyarmu sabuwar salula nan Tawa, domin tsohuwar da ta shekara biyar a hannunta ta daina riƙe caji. Tsohuwar wayar tana da maɓalli guda a ƙasan gilashi, dogo kamar ƙwayar dabino, wanda ko a cikin duhu babban yatsa yake samunsa. Sabuwar kuwa gilashi ce sumul daga sama har ƙasa. Da yamma na tarar da Inna zaune a kan tabarma, ta buɗe hoton jikanta ta kasa fita daga cikinsa, tana juya wayar gaba da baya kamar mai neman bakin zare. Da ta gan ni sai ta miƙo mini ita ta ce: "Kai ɗan nan, wannan ɗakin an gina shi babu ƙofa ne? Na shiga, ina ƙofar fita?" Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ba ta bar ni ba, kuma ita ce ta sa nake wannan rubutu.

Hanyoyin zirga-zirga a cikin salula iri uku ne a yau, kodayake masu gardama a fada sukan haɗa biyun ƙarshe su mai da su ɗaya. Akwai maɓalli na zahiri, wanda ake dannawa ya nutse ya dawo. Akwai maɓallai uku da aka zana a ƙasan gilashi, na komawa baya da na komawa gida da na duba abubuwan da aka buɗe. Sai kuma shafa zalla, inda babu wata alama sai ɗan siririn layi, mutum ya ja yatsa daga ƙasa zuwa sama ko daga gefe zuwa tsakiya. Ra'ayina shi ne na farko ya fi dacewa da yawancin mutanenmu, na biyu abin haƙuri ne, na uku kuma bai kamata a miƙa wa kowa shi ba tare da an tambaye shi ba.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Lokacin da iPhone ta fara fitowa a 2007, maɓalli ɗaya ne tak a fuskarta, kuma duk inda mutum ya ɓata, shi ne yake mai da shi gida. Wayar Android ta farko, wadda kamfanin HTC ya ƙera a 2008, tana ɗauke da maɓallai na zahiri da yawa har da allon rubutu mai zamewa. A 2011 ne Google ya fito da Galaxy Nexus, inda aka mai da maɓallan zane a cikin gilashi, amma Samsung ya ci gaba da riƙe maɓallinsa na tsakiya har zuwa 2017, shekarar da Galaxy S8 ta fito babu shi. A wannan shekarar ce kuma iPhone X ta yar da nata, ta koma shafa zalla, sannan Android 10 ta bi sahu a 2019. A farkon 2025 Apple ya daina sayar da iPhone SE, wadda ita ce ta ƙarshe mai maɓallin gida. Su Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu, duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, hanyar da manya suka bi suka bi.

Adalci ya sa in faɗi cewa masu ƙera wayoyin ba su yi haka don wauta ba. Wurin da maɓalli yake ci an ba gilashi, hoto ya ƙara faɗi, kuma duk abin da yake motsi a cikin na'ura yana da ranar gajiya. Wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran waya a kasuwar Tawa lokacin hunturu ya san abin da ƙura take yi wa maɓalli: tana shiga ta ɗan tsagin da ke kewaye da shi, ta haɗu da gumi da maiƙo, sai ka ga maɓallin ya nutse ya ƙi tasowa, ko kuma sai an danna shi da ƙarfi kamar ana murƙushe ƙuli-ƙuli kafin ya amsa. Mai gyara zai buɗe, ya goge da buroshi da ɗan sinadari, ya karɓi jaka ɗaya ko biyu, bayan wata shida ka sake dawowa. Na ga masu iPhone da yawa da suke kunna ɗan ɗigon nan mai yawo a kan gilashi, wanda asali don masu lalurar hannu aka yi shi, saboda kawai tsoron kada maɓallinsu ya mutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu ta fi ƙarfi.

Sai dai hujjar ta tsaya ne a kan lafiyar wayar, ni kuma lafiyar mai riƙe da ita nake dubawa. Gilashin salula ba nauyin yatsa yake ji ba, ɗan lantarkin da ke jikin mutum yake ji, shi ya sa ruwa yake ruɗa shi, safar hannu take toshe shi, kuma yatsan da ya bushe ya yi kanta wani lokaci sai ya shafa sau biyu ko uku kafin a ji shi. To, hannun wa ne yake da tsabta da laushi duk yini a garin nan? Mai tuyar ƙosai hannunta da mai, mahauci hannunsa da kitse, manomin albasa a fadama hannunsa da laka, ɗan kabu-kabu hannunsa da gumi da ƙura. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 kuma rana take tsaka, hasken gilashi ba ya iya ja da hasken rana, sai mutum ya kare da tafin hannu yana kanne ido. Maɓalli na zahiri bai damu da rana ba, bai damu da maiƙo ba, yatsa ne yake ganinsa.

Akwai kuma batun fashewa, wanda ban cika jin ana ambatarsa ba. Wayoyinmu suna faɗuwa, kuma ba kowa ne yake da kuɗin canja gilashi a ranar ba, shi ya sa rabin wayoyin da nake gani a fada suke da tsagi kamar busasshen tafki. Idan ƙasan gilashin ne ya daina ji, wanda maɓallansa suke cikin gilashi ya rasa hanyar komawa baya da ta komawa gida gaba ɗaya, alhali sauran wayar lafiya lau take. Su kansu kamfanonin sun san iyakar gilashi, domin har yau ba su cire maɓallin kunnawa da na ƙara murya daga gefen waya ba, kuma idan waya ta sanƙare ta ƙi jin shafa, waɗannan ne ake dannewa a tashe ta. A 2016 Apple ya yi wa iPhone 7 maɓallin da ba ya motsi, amma ya sa masa ɗan injin girgiza don yatsa ya ji kamar ya danna wani abu, sannan a 2023 da 2024 ya sake ƙara sababbin maɓallai a gefen wayoyinsa. Wanda ya yi imani cewa yatsa ba ya bukatar amsa ba zai wahalar da kansa haka ba.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne karatu. Mutane da yawa a Adar, wato yankinmu na Tawa, musamman iyayenmu mata da dattawa, suna amfani da salula ba tare da sun karanta kalma ɗaya a cikinta ba. Wurare suke haddacewa: koren abin nan shi ne WhatsApp, hoton nan ɗana ne, a danne nan a yi magana, a saki ta tafi. Ga irin wannan mutum, maɓallin gida shi ne tabbacin cewa duk kuskuren da ya yi yana da gyara, kuma wannan tabbaci ne yake ba shi zuciyar taɓa abin da bai sani ba. Zanannun maɓallai uku sun rage wannan tabbaci, domin sukan ɓuya idan ana kallon bidiyo, kuma na komawa baya ba ya zama wuri ɗaya, a Samsung yana dama, a wasu yana hagu. Duk da haka ana ganinsu, ana iya nuna wa mutum da yatsa a ce masa "wannan da'irar ita ce gida". Shafa zalla kuwa ilimi ne ɓoyayye, wanda babu abin da yake nuna shi a fuskar waya, sai wanda aka koya wa. Ko wanda aka koya wa yakan yi tuntuɓe, domin jan yatsa a kan saƙo a WhatsApp amsa saƙon ne, amma idan yatsan ya fara daga bakin gilashi, sai wayar ta fitar da kai daga hirar.

Na san abin da matasa za su ce, domin sun riga sun faɗa mini a bakin shayi: sabo turken wawa, kowa ya yi kwana uku da shafa ba zai so komawa ba. Ba ƙarya suka yi ba. Ni kaina shafa nake yi a tawa wayar, kuma na yarda ta fi sauri ga wanda hannunsa ya faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki saurin ɗan shekara ashirin a mai da shi mudun auna kowa. Wani makaho da muke salla masallaci ɗaya har yau ƙaramar waya mai lambobi yake riƙewa, yana lalubar ɗan tudun da ke kan lamba 5 ya gane sauran lambobin daga nan, kuma ban taɓa ganin ya nemi wani ya buga masa kira ba.

Tun da maɓalli na zahiri ya kusa ƙarewa a manyan wayoyi, roƙona ga masu sayar da salula da ƴaƴan da suke saya wa iyayensu ne. A Android har yanzu akwai zaɓi a cikin saitin waya, wurin da wayoyinmu masu Faransanci suke rubuta Paramètres, inda ake mai da shafa ta koma maɓallai uku, kuma aikin bai kai minti ɗaya ba. Mai shago da yake manna wa mai saye gilashin kariya, ya sa masa WhatsApp, ya tura masa karatun Alƙur'ani, bai kamata ya bar shi ya fita ba tare da ya tambaye shi wanne ya fi masa sauƙi ba.

Haka na yi wa Inna a daren nan. Na dawo mata da maɓallai uku, na nuna mata da'irar tsakiya, sannan na yanki ɗan salatif na manna a jikin rigar wayar daidai ƙarƙashin da'irar, don yatsanta ya sami abin lalube. Ta gwada, amma na ga tana dannawa da ƙarfi har farcenta yana fari. Na ce mata: "Inna, a hankali, taɓawa kawai ta isa." Ta ce: "Abin da bai amsa ba, yaya zan san ya ji ni?" Sai na koma cikin saiti na kunna mata girgiza, yadda duk lokacin da ta taɓa da'irar wayar za ta ɗan motsa a tafin hannunta. Ta taɓa sau uku a jere, tana fita daga hoton jikanta tana komawa, sannan ta ce in kira mata Abijan ta yi wa yaron godiya.