Raya tsohon gini ba rushe shi ba ne

Sau da yawa nakan ji 'yan kasuwarmu na Idumota da ke Legas suna cewa tsohon gini ba ya amfanuwa sai an baje shi an kafa bene, amma wannan fahimta kuskure ce. Tsohon kurkukun Broad Street, inda aka taɓa tsare Obafemi Awolowo, an mayar da shi Freedom Park a 2010 ba tare da an kawar da katangarsa ba, kuma har yau jama'a suna shiga shaƙatawa suna ganin girman ɗakunan fursunoni. Ilojo Bar kuwa, gidan nan mai fasalin ginin Barazil kusa da dandalin Tinubu, an rushe shi a 2016 duk da cewa yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, abin da har yanzu yake ci mini rai.